Rabin Milimita

Malam Milimita ake ce masa a wurin aiki, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekarar da ya fara, kafinta ya kawo sabon teburin awo, kowa yana yabawa, shi kuwa ya durƙusa da rula ya ce ƙafa ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da milimita uku. Kafinta ya yi ta rantsuwa. Aka auna, aka tarar haka ne. Tun daga ranar laƙabin ya manne masa, har matarsa takan kira shi da shi in tsokana ta motsa mata.

Ilimin halittu ya karanta a jami'a. Ya koyar a sakandare shekara shida, hayaniyar aji ta gundure shi, ya nemi aikin ɗakin gwaje-gwaje ya samu. Shekara ashirin da biyu ke nan yana kan kujera ɗaya mai gajeren baya, kusa da taga, a hawa na biyu. Cikin ɗaliban da ya koya wa riƙon almakashi wasu sun zama farfesoshi, in an haɗu a matakala su ke fara gaishe shi. Idan aka buga sakamakon bincike, can ƙarshe ake ambatonsa a layin godiya, kuma bai taɓa jin an rage masa komai ba.

Bas ɗin bakwai saura kwata yake hawa. Ya sauka gaban kantin magani, ya tsallaka titi, ya hau matakala. Kafin ya rataye jakarsa sai ya leƙa babbar firiza ya ga tana nan a kan tamanin ƙasa da sifili, ya rubuta a katin da ke manne a ƙofarta. Sannan ya wanke hannu, ya fere fensir biyu.

A shekarar da ake magana, aikin Dakta ne ya cika ɗakin. Ita ce shugabar ɗakin, mace gajeriya mai saurin magana, ba ta zama in dai tsayuwa za ta yiwu. Bincikenta a kan jijiyar da ke kai saƙon motsi zuwa ƙafa yake: in ta yanke, me zai sa ta yi saurin tsirowa ta haɗe? Ɗalibinta na digirin ƙarshe, wanda kowa ke kira Dogo, shi ke yin tiyata. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, shekararsa ta biyar ke nan a kan digirin, har gashin gaban kansa ya fara ja da baya.

Baba mai wanke kejin ɓerayen gwaji ne ya tare Malam da tambaya wata safiya, yana jingine da tsintsiya.

"Wai Malam, me ake ɗura wa bayin Allah nan?"

"Eksosom."

"Ka zage ni ke nan ko ka ba ni amsa?"

Malam ya ajiye fensir. "Ka san jikin nan ƙwayoyi ne ƙanana-ƙanana. To, suna aika wa juna saƙo. Ƙwaya takan ƙulle saƙonta a 'yar mitsitsiyar jaka ta saki, wata ta karɓa ta kwance. Jakar ita ce eksosom. Ido ba ya ganinta, madubin da ke kan teburina ma ba ya gani. Dakta tana rainon ƙwayoyin a kwalba, ta tace ruwan, ta juya shi a inji har jakunkunan su kwanta a ƙasa."

"Me saƙon ke cewa?"

"Muna zaton a ciki akwai mai ce wa jijiya ta tashi ta tsiro."

"Zato?"

"Zato. Da mun tabbata, da ba ka samu kejin wankewa ba."

Ɓeraye ashirin da huɗu ne, farare. Dogo ya sa wa kowanne maganin barci, ya yanke jijiyar ƙafar dama ta baya, ya haɗa bakin biyu cikin wani ɗan bututu. Sha biyu ya zuba musu eksosom a bututun, sha biyu ruwan gishiri kawai. Ya huda wa kowanne kunne don lamba.

Daga nan aikin ya koma hannun Malam. Kowace Laraba yakan shimfiɗa farar takarda a cikin wani dogon akwati mai faɗin tafin hannu, wanda ƙarshensa ke da ɗan lungu mai duhu. Ya ɗauko ɓera, ya dangwala ƙafafunsa na baya a tawada, ya sake shi. Ɓera na son duhu, sai ya miƙe ya nufi lungun, ya bar sawu a takarda.

"Yau ma zaɓe ake?" in ji Baba duk Laraba. "Na ga 'yan ƙasa suna dangwale."

Lafiyayyar ƙafa takan bar yatsu biyar a baje, kamar buɗaɗɗen hannu. Wadda aka yanke wa jijiya kuwa yatsunta a dunƙule suke, tana jan diddige. In jijiyar ta fara haɗewa, yatsun sukan fara buɗewa kaɗan-kaɗan. Dogo yakan ɗauki hoton kowace takarda don ajiya, sannan Malam ya sa ɗigon fensir a gefen yatsan farko, ya sa wani a gefen na biyar, ya auna tsakaninsu.

Doka ɗaya Dakta ta kafa: mai awo ba zai san wanne ɓera ya samu eksosom ba. Jerin yana cikin ambulan a rufe, a aljihun teburinta.

"Ba rashin yarda ba ne, Malam," in ji ta. "Ko ni aka ba rular, sai an ɓoye mini."

"Da ba ki ɓoye ba, da ni zan roƙa," in ji shi.

Mutanen ɗakin sun san ya rasa 'ya. Ba sa tada maganar, shi ma ba ya tadawa. Ita ce ta biyu cikin 'ya'yansa uku, Uwata yake ce mata. Tana shekara sha tara, a ajin biyu na jami'a, motar haya ta kife da su a hanyar dawowa hutu. Laka ta yanke a tsakiyar bayanta. Ta yi shekara biyu da wata huɗu a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, wanda aka faɗaɗa bakinsa saboda keken guragu ya riƙa shiga. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta, shekara huɗu da suka wuce.

Duk safiya a wancan lokacin, kafin ya tafi bas, yakan yaye zanen da ke ƙafarta, ya riƙe babban yatsanta ya ce, "Uwata, motsa." Ita kuma ta ce, "Na motsa mana, Baba. Kai ne ba ka gani ba, ɗauko rularka." Su yi dariya, ya rufe ƙafar, ya fita.

Wata safiya ta tashi ba walwala, ta ƙi shan shayi. Ya riƙe yatsan, ya ce motsa, sannan ya ji bakinsa yana cewa, "Kai, kamar na ji wani abu yau." Ta ɗago ta dube shi.

"Baba, kowa yana yi mini. Likita yana yi, Umma tana yi, ƙawayena suna yi. Kai kaɗai ne ba ka yi mini ƙarya. Kar ka fara."

Bai ƙara ba, har ta rasu.

Ya fi kowa sanin cewa jijiyar ƙafa daban, laka daban. Ko da aikin Dakta ya yi nasara gobe da safe, ba shi ne zai tashe ta ba da tana raye. Ya faɗa wa matarsa haka tun ranar da aka kawo ɓerayen, ya kuma faɗa wa kansa.

A mako na shida yatsu suka fara buɗewa. Da ƙafa ta fara motsi sai sawu ya fara gogewa, tawada ta ɗan baje a gefe. A irin wannan sawun gefe biyu ne: na ciki inda tawada ta yi baƙi ƙirin, da na waje inda ta dusashe. Tsakaninsu bai wuce rabin milimita ba.

Larabar mako na takwas, bayan azahar, yana kan takardar lamba tara. Sawun ya goge. Ya sunkuya da madubi, ya sa ɗigo a gefen waje, ya auna, sai ya ji kansa ya ce a hankali, "Yauwa, 'yar albarka."

Ya tsaya, fensir a hannu. Minti biyar da suka wuce ya auna lamba goma, ita ma ta ɗan buɗe, bai ce mata komai ba. Me ya sa tara ta faranta masa rai, goma ba ta yi ba?

Ya tashi ya shiga ɗakin dabbobi, ya ɗago lamba tara. Hujin kunnenta a tattaune yake, gefensa duk tsage-tsage. Ya ɗago goma. Nata a zagaye, tsaf.

Sai abin ya dawo masa daki-daki. Ranar Litinin ɗin tiyata, Dogo ya wuce ta gaban teburinsa da bokitin ƙanƙara daga babbar firiza, inda ake ajiye eksosom, yana mitar tsohon abin huda kunne wai tauna yake ba huji ba. Talata da safe Malam da kansa ya buɗe sito ya ba shi sabo. Ranar kuwa ba a fito da ƙanƙara ba. Ke nan masu tattaunen kunne su ne na Litinin, su ne suka samu eksosom. Bai taɓa zama ya haɗa wannan lissafin ba. Amma mako takwas yana riƙe ɓerayen nan da hannunsa, babban yatsansa daf da kunnensu, kuma shi ke rubuta lambar kowanne a kan takardarsa.

Ya koma ya ciro takardun mako uku na ƙarshe, guda saba'in da biyu. Masu gogaggen sawu talatin da ɗaya ne. Ya raba su gida biyu bisa kunne. A cikin sha shida na masu tattaunen kunne, sha huɗu ɗigonsa a gefen waje yake. A cikin sha biyar na sauran, sha uku a gefen ciki. Ɗigon fensirinsa ne, ƙarami, tsaf, irin wanda ake yabonsa a kai.

Ya mayar da takardun, ya rufe akwatin. Babu wanda zai taɓa duba su. Saura mako uku Dogo ya je babban taro ya gabatar da sakamako, kuma daga jin yadda yake fito a matakala, ya riga ya hango ƙarshen wahalarsa. Malam ya yi Alhamis da Juma'a yana aikinsa kamar kullum, sai dai bai taɓa rula ba.

Ranar Asabar da hantsi matarsa tana yanka yadi a kan teburin falo, tef a wuya. Ɗinki take yi tun kafin su yi aure. Ya zauna gefe yana juya kofin shayin da ya huce.

"Malam Milimita, kwana uku ke nan ba ka gyara mini labulen da ya karkace ba. Ko ba ka da lafiya?"

Ya ba ta labarin, bai rage komai ba. Ta saurara almakashi a buɗe.

"Rabin milimita? Ni inci guda nake bari a ɗinki saboda ƙiba, ba wanda ya taɓa kai ni ƙara."

"Ke kina faɗa wa mai kayan."

Ta rufe almakashin ta ajiye. "To kai ma faɗa wa mai kayan."

"Yaron nan shekararsa biyar. Yana da iyali."

"Na ji. Amma ba tausayin Dogo kaɗai ke cinka ba, Malam. So kake yatsun nan su buɗe."

Ya ajiye kofin ya ce, "Ina so."

"Ni ma ina so, ni da ban taɓa ganin ɓerayen ba." Ta dubi ƙofar ɗakin nan mai faɗin baki, ta kawar da kai. Ta ɗauki alli ta ci gaba da zane a kan yadin. "Ka sha shayinka, ko in ɗumama maka?"

Litinin da safe, bayan ya duba firiza, ya ɗauki takardun talatin da ɗaya ya ƙwanƙwasa ofishin Dakta. Ya roƙi a kira Dogo. Ya jera takardun gida biyu a kan teburinta, ya yi bayanin kunne, ya yi bayanin ɗigo, da muryar da yake karanta awon firiza. Dakta ta zauna, abin da ba ta saba ba, ta karɓi madubinsa tana bi ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, don girman Allah," in ji Dogo. "Rabin milimita fa. Wa zai gani?"

"Ni na gani."

"Na riga na gaya wa matata bana zan gama. Har surukina ya fara kirana Dakta."

"Ka yi haƙuri, Dogo. Hannuna ne ya yi, ba naka ba."

"Nasa ma ya yi," in ji Dakta, ba ta ɗago ba. "Kai wa ya ce ka yi rukuni ɗaya Litinin, ɗaya Talata?"

"Don kar a narkar da eksosom sau biyu, Dakta. Ke kika ce narkarwa na lalata shi."

"Na ce. Kuma ni na sa hannu a jadawalin, ban lura ba. To mu uku ke nan, babu mai yi wa wani dariya."

Malam ya zaro rularsa ta ƙarfe daga aljihu ya ɗora a kan tebur. "Ina ganin gara a ba wani awon."

Dakta ta dubi rular, ta dube shi. "Ɗauke abinka, Malam, teburina ba sito ba ne. Dogo, hotunan da ka ɗauka kafin fensir ya taɓa takardun suna nan?"

"Suna nan."

"Ka buga su duka, daidai girmansu, ka yanke lambobin. Ni zan sa sababbi da hannuna, in jujjuya su. Takarda dai ba ta da kunne." Ta juyo. "Malam zai auna. Malamar da ke awon ƙashi a hawa na ƙasa ita ma za ta auna nata daban. Ba ta taɓa shiga ɗakin dabbobi ba, ko hoton ɓera ta gani sai ta ɗage ƙafa. In sawu ya goge, gefen ciki za a bi, kowa da kowa. A rubuta a manna a bango."

Takarda ɗari da casa'in da biyu ce. Kwana tara na aiki ya yi a kansu. Sau biyu ya ga sawun da ya yi masa kama da na lamba tara, wadda ke ɗan karkata diddige. Sai ya ware takardar ya rubuta a bayanta cewa yana zargin ya gane ta, a bi awon Malama. Dogo ya daina fito a matakala. Gaisuwa dai bai fasa ba, amma a taƙaice.

Ranar Juma'a Dakta ta tara su. Ta fara gwama awon Malam da na Malama: sun yi daidai, in ban da takardu huɗu da suka saɓa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sannan ta yage ambulan, Dogo ya shigar da jerin a kwamfuta. Kowa ya matso kusa da allon kwamfutar.

Da tsohon awon, masu eksosom za su fi sauran buɗa yatsu da milimita ɗaya da ɗigo ɗaya. Da sabon awon, sifili da ɗigo bakwai.

"Yana nan," in ji Dakta. "Ya rame, amma yana nan. Sai dai da ɓera sha biyu-sha biyu, ga kuma maganar Litinin da Talata, ba zan tsaya gaban mutane in buga ƙirji ba. Dogo, za ka je taron ka ce akwai alama, ka faɗi kuskurenmu da bakinka. In ka dawo mu sake, a cakuɗe, da abin huji ɗaya. Wata huɗu."

Dogo ya sake duban allon kwamfutar. Ya shafa goshinsa. "Wata huɗu," ya ce. "Surukina sai ya ƙara haƙuri." Ya miƙe, ya tsaya kusa da kujerar Malam, kamar zai wuce. "Da a taron wani ya tono shi, da na mutu a tsaye. Ba godiya nake maka ba tukuna, Malam. Ka ba ni mako guda."

"Na ba ka biyu."

"Kai kuma, Malam," in ji Dakta, "ranakun tiyata ba na son ganin ko inuwarka a ginin nan. Ka zauna gida ka dami Hajiya."

Baba, wanda ya ji komai daga bakin ƙofa, ya ɗaga tsintsiya. "Wato an soke zaɓe, za a sake?"

"An soke," in ji Dakta.

"Madalla. Aikina ya ƙaru, albashi yana nan inda yake."

Malam ya wanke madubinsa, ya mayar da rula aljihu, ya leƙa firiza ya rubuta awon yamma. Ya samu bas ɗin biyar da kwata, har da kujera kusa da taga.

Ya tarar da matarsa tana kwashe shanya a tsakar gida. Ta karɓi jakarsa da hannu ɗaya, ba ta tambaye shi komai ba sai da ya cire takalmi ya zauna.

"To? Ya motsa?"

"Ya motsa."

"Nawa?"

"Sifili da ɗigo bakwai."

"Yi mini Hausa, Malam. Ya kai rabin milimitar taka?"

"Ya ɗan wuce."

Ta ninke zanen da ke hannunta gida biyu, ta sake ninkewa. "Ka tabbata?"

"Mu biyu muka auna," in ji shi.

Ta gyaɗa kai, ta ɗora zanen a kan sauran. Shi kuma ya tashi ya ɗauko kujera, ya hau ya gyara labulen.